Lissafin Mararrabar Dogon Yaro

A shekarar da ta biyo bayan yunwa, lokacin da motoci suka fara komowa titunan Tamale da ɗai-ɗai, kowace da nata ciwon, Mahamudu ya ɗauki agogo da littafi ya tafi auna jinkiri. Jinkiri fa. A garin da direba ke kwana uku a layin mai, a ce wani ya damu da sakan talatin da ake ɓatawa a mararraba, ai dole a yi masa kallon wanda karatu ya taɓa. An kuwa yi masa. Shi ko a jikinsa.

Da can malamin lissafi ne a sakandare, shi ya sa ko bayan ya koma ofishin hanyoyi kowa Ticha yake ce masa, har matarsa Zalia. Shugabansa a ofis, Mista Nortey, mutumin kudu ne mai sanyin hali wanda ya gaji da komai. Shi ya kira shi ya ce an yi alkawarin kwalta, amma masu rabon kwaltar ba sa jin kuka sai da lamba. A nemo wurin da motoci suka fi cushewa, a auna, a rubuta.

Wurin ba ɓoyayye ba ne. Hanyar da ta taso daga Kanvili ta nufi cikin gari siririya ce, layi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa. A wani wuri wata hanya ta ɓalle hagu zuwa rumbunan hatsi. Tun da ƙasar ta koma tuƙin dama, mai shan kwanar hagu sai ya tsaya tsakiyar titi ya jira motocin da ke tahowa daga gabansa su ba shi rata. Yana tsaye, duk na bayansa a tsaye suke, ko da su miƙewa kawai za su yi. Lori ɗaya mai buhunan masara ta isa ta riƙe mota goma.

A gefen dama, daidai inda lorin ke tsayawa, akwai wani itacen dogon yaro babba, wanda mararrabar ta ci sunansa. A gindinsa rumfar Baba Abdulgafaru mai gyaran keke take, shekara talatin da wani abu. Benci biyu, famfo ɗaya, kwanon ruwa na neman hujin tib, da ramukan dara a ƙasa. Kullum ba a rasa maza shida ko bakwai a wurin: waɗanda aka koro daga Najeriya suka dawo ba sana'a, da wani tsohon maigadi, da wani kafinta da ƙusa ta gagare shi samu. Baba Abdulgafaru kuwa shi ne mahaifin Zalia.

To, a nan ne take. Mahamudu mutum ne mai kunyar suruki irin ta da. Shekara tara da aure, bai taɓa ɗora mazaunansa a bencin nan ba. In zai wuce, tun daga nesa yake sauka daga keke, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida tsohon kansa a ƙasa, ya ja kekensa sai ya yi nisa ya hau. Mutane suna yaba masa, har ana ba samari misali da shi. Saboda haka da aikin ƙirga ya zo, bai ko yi tunanin zama a wannan gefen ba. Ya tsallaka titi, ya ƙara gaba kaɗan, ya samu barandar wani kanti da ya rufe don ba abin sayarwa, ya kafa kujera. Daga nan yana ganin hancin kowace lori sarai, jikinta kuma ya kare shi daga idon surukinsa. Ya ji daɗin wurin ƙwarai.

Sati shida ya yi a barandar nan. Abu uku yake rubutawa: motoci nawa ke tahowa daga gaba a awa ɗaya, cikin masu zuwa nawa ke shan kwana, da tsawon ratar da direba ke yarda da ita kafin ya kutsa. Ƙaramar mota sakan huɗu ya ishe ta. Lori mai kaya sai bakwai. In ka san yawan masu tahowa, kana iya lissafa sau nawa rata mai sakan bakwai za ta buɗe, daga nan ka san tsawon jiran mai kwana, sai ka haɗa da na duk waɗanda suka taru a bayansa. Mahamudu yana son wannan lissafi kamar yadda wasu ke son waƙa. A lokacin da sabulu ya ɓace, sukari ya ɓace, ga abu ɗaya da in ka bi shi daidai yake ba ka abin da ya ce zai ba ka. Littafin da ya koyi lissafin a ciki, a wata ƙasa aka rubuta shi, inda mota in ta tsaya takan tashi.

Abu ɗaya ya ɗan dame shi. Lissafi ya ce lori za ta jira sakan goma sha takwas a matsakaici, agogo kuma ya ce ashirin da shida. Sakan takwas sun yi masa yawa, bai san daga ina suke ba. Yakan ga lori ta yi rawar jiki ta yi tsit, can kuma sai ta zabura da tari ta sha kwanarta. Ya san batir ya zama kayan gabas a garin, ya san ana tura mota, wa bai sani ba? Amma idonsa na kan allurar agogo da hancin lori, abin da ke faruwa a bayanta ba ya cikin abu ukun da yake rubutawa. Sai ya ƙara sakan takwas ɗin a lissafinsa, ya raɗa musu suna nauyin ƙafar direba, ya wuce. Jira mafi tsawo da ya rubuta a sati shidan nan sakan hamsin da biyu ne, ya ja masa layi da jan biro.

Maganin da lissafin ya bayar mai sauƙi ne. A faɗaɗa titi ta dama, a yi ɗan layi na biyu mai tsawon lori uku, don masu miƙewa su zagaye mai jiran kwana su wuce. Jinkiri zai ragu da kashi biyu cikin uku. Da ya ɗora rula a kan taswira ya ja layin, sai fensir ya bi ta tsakiyar dogon yaro. Ya goge, ya sake aunawa. Ya matsar da layin baya, ya matsar da shi gaba. Duk inda ya kai shi, rumfar surukinsa tana ciki.

Mista Nortey ya karanta takardun da tabarau a kan hanci, ya jinjina kai.

"Ticha, wannan aiki ya yi kyau paa. Manyanmu na Akara za su so shi." Ya ɗora yatsa a kan taswira. "Amma wannan itace, na tsohonka ne, ko ba shi ba?"

"Nasa ne, Masta."

"To ji. Fayil da yawa yana barci a wannan ofis. In ka so, wannan ma ya yi barci. Ba wanda zai tambaye ni, ba wanda zai tambaye ka."

Mahamudu ya ji maganar ta sosa masa rai. Sati shida a rana, ga abu na farko da ya yi a ofishin nan da ya san daidai ne, a ce ya binne shi don ya taɓa gidansu? In ya yi haka, da me ya fi waɗanda yake zagi kullum? Ya ce a ba shi kwana biyu ya sanar da tsohon, sannan ya sa hannu. Mista Nortey ya ɗaga kafaɗa ya mayar da tabarau aljihu.

Zalia tana tankaɗe garin masara ya gaya mata. Ta ajiye rariyar a hankali.

"Ticha, Baba ne fa."

"Na sani. Amma lissafi bai san suruki ba."

"Lissafi bai san shi ba, kai ka san shi. Tun da mahaifiyata ta rasu, in ka ɗauke gindin itacen nan me ya rage masa? Gida kwana kawai yake kai shi."

"Za a ba shi wani wuri."

"Wa zai ba shi?"

Ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari da hantsi ya je. Ya sauka daga keke tun daga nesa, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin rumfa. Tsohon yana kankare tib da guntun gwangwani, hannuwansa baƙi ƙirin da man keke.

"Dasiba, Baba."

"Naa. Ina gida? Ina Zalia? Ina yara?"

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi kowa har awaki. Sannan Mahamudu ya fara zagaye-zagaye. Ya yi maganar gwamnati, ya yi maganar ci gaba, ya yi maganar man da motoci ke ƙonawa a tsaye. Masu dara suka daina wasa. Sai da ya kai ƙarshe ya ambaci itacen, da murya ƙasa-ƙasa, kamar wani ne ya aiko shi.

Baba Abdulgafaru ya tsoma tib a ruwa, ya bi shi da yatsa har ya ga inda yake kumfa.

"Na ji wata da rabi kana tsallake kana ƙirga mu."

"Motoci nake ƙirgawa, Baba."

"To. Gobe ka zo ka zauna nan, a bencin nan, yini ɗaya. Ka ƙirga daga nan. Bayan haka ka je ka sa hannu a takardarka, ba zan ce komai ba."

Mahamudu ya ƙara sunkuyar da kai. "Baba, ni da zama a bencinka? Ai ba zan iya ba."

Mazaunan benci suka yi dariyar jin daɗi. Tsohon maigadin ya ce irin wannan suruki yanzu sai an tona. Baba Abdulgafaru bai yi dariya ba. Ya dubi ƙeyar mijin 'yarsa na ɗan lokaci, ya ce Allah ya yi albarka, ya koma kan tib ɗinsa. Mutum zai ce me ya hana shi faɗin abin da ke bakinsa ƙarara? To, dattijo ba ya roƙon surukinsa a gaban mutane. Ban da haka, abin da suke yi a wurin nan shi kansa bai taɓa ɗaukarsa aiki ba, balle ya kafa hujja da shi. Ya gayyace shi sau ɗaya, an ƙi cikin ladabi, shi ke nan. Kunya ta haɗu da kunya, magana ta mutu a tsakani.

Mahamudu ya sa hannu ranar Alhamis.

Rushewa ba ta da wuya, ko a shekarun da komai ke da wuya. Ba a yi wata biyu ba aka samo man yini ɗaya aka zuba wa katafila. Masu gatari suka riga ta, suka kayar da dogon yaron kafin azahar, mata suka yi ta jan rassa. Baba Abdulgafaru bai jira a kore shi ba. Tun da safe ya zuba kayan aikinsa a buhu, ya ɗaure famfo da kwanon ruwa a bayan keke, ya tura zuwa Gumani, gidan ƙaninsa, don ba inda aka nuna masa. Mahamudu yana ofis ranar, ya ce aiki ya yi masa yawa. Katafila ta baje jar ƙasa, ta daddanne, ta tafi. Aka ce kwalta tana hanya.

Kwalta tana hanya har damina ta sauka. Ruwan farko ya zaizaye gefen sabon layin, na biyu ya mai da shi taɓo. Wata tasi ta gwada bi ta ciki ta kafe har ƙofa, daga ranar ba direban da ya ƙara kallon wurin. Motoci suka koma jeruwa a bayan mai shan kwana kamar da. Mahamudu ya ce wa kansa wannan ba laifin lissafi ba ne, laifin masu kwalta ne, a ƙalla dai ba a yi asarar komai ba, an koma inda ake. Da wannan yake samun barci.

Bayan wata huɗu Mista Nortey ya ce a koma a sake aunawa, don fayil yana buƙatar shafin bayan aiki. Mahamudu ya ɗauki agogo da littafinsa ya tafi. Wannan karon ba wanda zai ji kunya, sai ya zauna a gefen dama, a kan kututturen dogon yaron. Rana ta buɗe tun da wuri, ba inuwa ko ta tafin hannu. A gindin kututturen ya ga wani guntun katako mai kusurwa, ya yi sumul don shan hannu, da shatin taya a jikinsa. Ya juya shi da ƙafa, bai gane amfaninsa ba.

Lori ta uku da ta zo ranar, doya ta ɗauko. Ta tsaya jiran rata, ya danna agogo. Ta yi rawar jiki, ta yi tsit. Direban, wani mai furfura a gemu, ya leƙo ta tagar dama ya buɗe baki zai yi kira, sai ya tuna, ya rufe bakinsa. Rata ta buɗe a gabansa, ta rufe. Wata ta buɗe, ta rufe. Lorin ta fara silalowa baya, direban ya diro da sauri yana neman dutse, idonsa ya faɗa kan guntun katakon, ya fizge shi ya cusa a bayan taya. Na baya suka yi ta danna oda. Sai da direban ya bi su mota-mota yana roƙo, wasu suka fito suna tsaki, wasu suka ce ba su bar gida don turin doyar wani ba. Aka tura, ta ƙi. Aka huta, aka sake turawa.

Da ta tashi Mahamudu ya dubi agogo. Minti goma sha tara.

Direban ya dawo ajiye katakon a inda ya ɗauka, gumi na zuba, ya ga mutum da littafi.

"Malam, rubuta, rubuta da kyau. Da mutanen Baba suna nan, kafin in buɗe baki sun sa kafaɗa. Ɗaya ya sa katako, shida su tura, ko fasinja bai sani mota ya mutu ba. In na dawo in jefa musu doya biyu, shi ke nan. Yanzu dubi. Wai wani mai ilimi ne ya kore su."

Ya tofar da yawu, ya ruga ya hau kafin ta sake mutuwa.

Lori biyar suka mutu a mararrabar kafin la'asar. Mafi sauri a cikinsu minti shida ta yi. Mahamudu ya buɗe littafinsa baya, ya kai shafin da ya ja wa hamsin da biyu layi, ya kai inda ya rubuta nauyin ƙafar direba da hannunsa mai kyau. Sakan takwas ɗin nan da ya rasa inda suka fito, maza bakwai ne ke tashi daga benci. Sati shida yana auna aikinsu da agogo, jikin lori ya kare masa su, shi kuwa don kar a gan shi ya zaɓi wurin. Garin neman gira an rasa ido. Ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba tun rasuwar mahaifinsa, ya zauna a kan kututturen har rana ta gama gasa shi.

Ranar Asabar da safe ya hau keke zuwa Gumani. Zalia ba ta tambaye shi ina za shi ba, ta dai ƙulla ƙuli-ƙuli a leda ta rataya masa a kan keken.

Ya tarar da tsohon a jikin katangar gidan ƙaninsa, zaune a kan buhun kayan aikin, bakin buhun a ɗaure. A Gumani keke ba ya ƙaranci, amma kowane manomi shi ke liƙe tayarsa. Baba Abdulgafaru ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abin da ya fi tsaya wa Mahamudu a rai hannuwansa ne. Sun yi fes, har ƙarƙashin farce. Tun da ya san shi bai taɓa ganin hannuwan nan ba tare da man keke ba.

Ya cire takalmi, ya durƙusa, aka gaisa har awaki. Sannan, karo na farko a shekara tara, ya ɗaga kai ya dubi surukinsa, ya faɗa masa komai ba zagaye.

Tsohon ya saurara. "Minti nawa ka ce?"

"Goma sha tara, Baba."

"Mu ba mu taɓa bari ta kai ɗaya ba."

"Hamsin da biyu ne mafi tsawo. Sakan. Yana rubuce."

"Ashe ka rubuta." Ya gyaɗa kai, kamar abin ya ɗan yi masa daɗi. "Ranar kafinta ba shi da lafiya ne."

Mahamudu ya ce zai rubuta wata takarda, zai gyara lissafin, zai sa su a ciki. Ya ce layin ya mutu, ba mai bin sa, ba wanda zai hana a sake kafa rumfa a wurin. Shi da kansa zai nemo kwano da katako. Ya ce Baba ya dawo, ya kira mutanensa.

"Wane mutane? Maigadi ya rasu da azumi. Biyu sun tafi Kumasi. Kafinta yana ƙauyensu. Sauran ban san inda suke ba." Ya gyara zama a kan buhun. "Kuma ba don ni suke zama ba, ɗana. Don inuwa ne. Ba mai zama a ƙarƙashin kwano da rana tsaka yana jiran motar wani ta mutu."

"Sai a dasa wani, Baba."

"A dasa. Kai ne mai lissafi. Shekara nawa dogon yaro yake yi kafin ya rufe mutum bakwai da benci biyu?"

Mahamudu bai so ya lissafa ba, amma kansa ya saba, kafin ya hana shi ya riga ya yi. Goma sha biyar, in awaki sun bar shi. Ya kuma san shekarun tsohon, don shi ya cike masa takardar asibiti bara.

Baba Abdulgafaru ya matsa gefe ɗaya a kan buhun, ya daddaɓa wurin da ya bari da tafinsa mai tsabta.

"Zauna," ya ce. "Yanzu ai ba abin gani."

Mahamudu ya tashi ya zauna. Ƙarafan da ke cikin buhun suna tokare shi, bai motsa ba. A gabansu hanyar gona ce, ba abin da ke wucewa sai wata mata da itace a ka.